Ta Ina Makara Za Ta Fita?

A Jimeta ba wuya mutum ya zama injiniya. Farar hular kwano, jakar laftof a kafaɗa, da kati mai ruwan zinare, shi ke nan, sai ka ji ana cewa a ba shi kujera. Injiniya Usaid yana da duka ukun, har da ƙarin turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ranar da ya zo gidan hayar Alhaji Tahir a Shagari Low Cost, kujerar da Rumasa'u ke zaune a kai aka ce ta tashi ta ba shi. Ta koma bakin ƙofa da tiren shayi a hannu, tana kallon yadda mahaifinta ke washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, shekara ɗaya da rabi ta yi tana koyon wannan sana'ar da aka ɗauko baƙo ya zo ya yi. Kullum da safe takan hau keke napep zuwa wani bene kusa da babbar kasuwa, inda Madam Keturah ke koyar da zanen gini a kwamfuta, da manhajar nan da ake kira Otokad. A can ta gano cewa layi ma yana da gaskiya da ƙarya. In ka ja bango ka ce ƙafa goma sha biyu ne, kwamfuta ba ta jin kunyarka, ba ta duba rawaninka, za ta auna ta faɗa maka. Rumasa'u ta ƙaunaci wannan hali fiye da yadda ta taɓa ƙaunar wani saurayi. Amma a gida sunan karatun nata wasan layi-layi. Da Alhaji ya sayi fuloti a bakin hanyar Numan, bayan shekara goma cur yana biyan hayar gidajen mutane, ta yi ta maza ta ce ko ya bar ta ta gwada zana masa. Ya dube ta kamar akuya ce ta yi masa sallama.

"Gida nake so in gina, Rumasa'u, ba akurkin kaji ba."

A wannan zaman ya yanke hukunci. Wata na ƙarewa za ta ajiye kwamfutar mutane ta koma shagonsa na turare da yadi, ta riƙe makulli. Saura kwana goma sha biyu.

Usaid ya buɗe laftof ya juya shi wajen Alhaji. Sai ga wani gida fari fat yana juyawa a kan gilashi, da ginshiƙai huɗu a gaba, da bishiyoyin dabino da ba su taɓa shan ranar Yola ba, da baƙar mota a ƙofa wadda Alhaji bai mallaka ba, har da wata mace marar ɗankwali tana tafiya da kare. Ya ce wannan shi ake kira dizain na zamani, irin na Dubai. Ɗaki shida, falo biyu, kowane ɗaki da banɗakinsa. Alhaji ya yi ta cewa masha Allah har shayinsa ya huce.

A kan tabarma a kusurwar falon, Ya Kellumi, mahaifiyar Alhaji, tana jan carbi. Tsohuwa ce da ba ta ɓata bakinta. Ta ce a kawo mata takardar ta gani. Usaid ya miƙa mata zanen da aka buga, yana murmushin da ake yi wa ƙananan yara, ya nuna mata ɗakinta can ƙurya, ya ce an ware mata shi nesa da hayaniya. Ta ɗora yatsa a kan ɗakin, ta ja shi ta wani siririn lungu, ta karya kwana, ta sake karya wata, har ta iso ƙofar falo. Sannan ta ɗaga kai.

"Yaro, ranar da na mutu, ta ina makara za ta fita?"

Usaid ya yi dariya, ya ce Hajiya ai da sauran shekaru masu albarka, kuma koridon nan ƙafa huɗu ne, ga shi a rubuce, standad ne. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce wa mahaifiyar tasa, "Ya, don Allah," ya kawar da kai, ya shiga tambayar Injiniya kalar fenti.

Rumasa'u ta san abin da ya sa bai yi dariya ba. Tana da shekara tara lokacin da suka baro Bama da kayan jikinsu. Suka zauna Mubi wata biyu, Mubi ma ta tashi, suka iso Yola a bayan motar shanu. Gidan da suka fara samu a unguwar Alkalawa wani mai wayo ne ya yanka shi gida-gida da bulo saboda 'yan gudun hijira, ɗaki goma sha biyu a inda da ɗaki huɗu ne, da wata hanya a tsakani wadda in masu ƙiba biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma baya. A nan kakanta ya rasu, watanni kaɗan da zuwansu. Aka yi masa wanka, aka kawo makara daga masallaci, makara ta ƙi shiga. Aka gwada ta tsaye, aka gwada ta gefe. Daga ƙarshe a tabarma aka naɗe dattijon da ya yi shekara talatin yana limanci a unguwarsu, aka tanƙwara shi a kwana kamar buhun gero, aka miƙa shi ta kan katanga. Rumasa'u na leƙe ta bayan labule. Ta ga ƙafarsa ta bugi bulo. Ta ga mahaifinta a cikin masu miƙawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ta da maganar a gidan, kuma Ya Kellumi ba ta taɓa shiga wani gida ba sai ta tsaya ta auna hanyarsa da ido.

Da baƙo ya tafi, tsohuwar ta ƙi mayar da takardar. Ta cusa ta ƙarƙashin tabarma, ta ce ta manta inda ta sa. Washegari da hantsi ta miƙa wa jikarta.

A benen Madam Keturah, Rumasa'u ta shimfiɗa takardar ta fara abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko, wato haɗa lambobi. Faɗin ɗaki, faɗin falo, faɗin korido, kaurin bango. Ta samu ƙafa casa'in da biyu. Fulotin mahaifinta ƙafa saba'in ne daga turke zuwa turke, ta je ta gani da idonta. Ta sake haɗawa, ko ita ce ta yi kuskure. Madam Keturah ta leƙo ta bayanta, ta gyara tabarau, ta yi tsaki mai tsawo. Ta ce ai wannan gidan ta san shi, ta gan shi a Karewa, ta gan shi a Bekaji, zane ɗaya ne ake yawo da shi gari-gari. An yi shi don babban fuloti. In aka samu ƙarami sai a kama shi duka a matse da linzamin kwamfuta, ɗakuna da gadaje da kujeru su ƙanƙance tare, ido ba zai gane ba, lambobin kuma a bar su yadda suke don mai gida ya ji daɗi.

"Kin ga gadon nan na cikin zanen?" in ji ta. "In da gaske ne, kyanwa ce kawai za ta miƙe a kai."

Rumasa'u ta sake zana gidan layi bayan layi a kan ainihin girman fulotin. Koridon da aka rubuta ƙafa huɗu ya koma ƙafa uku da kyar, kafin a yi filasta. Sai ta tsaya. Tana buƙatar abu ɗaya da babu shi a cikin tarin hotunan gado da kujera da mota da manhajar ke zuwa da su. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun tuna da bahon wanka iri takwas, ba su tuna da makara ba.

Don haka ta ɗauki tef ɗin awo ta nufi masallacin unguwarsu. Makarar na jingine a bayan gini, ƙarƙashin darbejiya, inda kowa ke wucewa yana kawar da ido. Ta yi bisimilla, ta kwantar da ita, ta auna tsawo da faɗi da hannayen da ake kamawa. Ta rubuta lambobin. Ladan ya fito daga alwala ya tsaya da buta a hannu yana kallonta. Masu kayan miya na tsallaken titi suka bar ciniki. Kafin ta isa gida labari ya riga ta zuwa kasuwa, ya ƙara ƙiba a hanya: 'yar Alhaji Tahir mai turare ta zauce, tana gwada makara ko za ta yi mata daidai.

Alhaji ya dawo kafin la'asar, abin da bai saba ba. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. Ya ce shi ɗan gudun hijira ne da ya kwashe shekara goma yana gina sunansa a garin mutane tsinke-tsinke, ita kuma ta zubar a yini ɗaya. Ya ce kwana goma sha biyun nan ma ya janye. Asabar za a ja igiyar gida, Litinin ta kama shago. Ta buɗe baki za ta yi bayanin lambobi, ya ɗaga mata hannu. Ya ce wanda ya yi karatu an san shi, yana da ofis da kati.

Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ya ishe ta. Da ta gama, ta wanke fuska ta kira Madam Keturah ta roƙi aron laftof na kwana biyu.

Ranar Asabar rana ta fito da wuri, irin fitowar da ke sa kogin Binuwai ya yi ƙyalli kamar kwano. A fulotin, birkila Bobboyi da leburorinsa sun riga sun kafa turaku sun ja igiyoyi, gidan duka ya kwanta a ƙasa da farin zare. Bobboyi Bafulatanin cikin Yola ne, dogo siriri, ya yi shekara talatin yana gini, kuma ba ya musu da masu hular kwano. Usaid na tsaye a inuwar motarsa yana amsa waya. Alhaji ya zo da abokansa biyu na kasuwa da malamin da zai yi addu'a. Ba wanda ya gayyaci mata. Sai ga keke ya tsaya, Ya Kellumi ta sauko da sandarta, Rumasa'u na biye da jaka.

Alhaji ba ya iya korar uwarsa a gaban mutane, ita ma ta san haka. Ta zauna a kan bulo ta ce jikarta na da abin nunawa, kuma ita ba za ta tashi ba sai an gani.

Rumasa'u ta ɗora laftof a kan durom ɗin ruwa, ta yi masa inuwa da mayafinta. Ta nuna musu gidan a ainihin girmansa. Ta nuna wani dogon akwati da ta zana, ƙafa bakwai da rabi a tsawo, ta ce wannan makarar masallacinmu ce. Ta kama ta da linzami ta fito da ita daga ɗakin Kaka, ta tura ta cikin korido. A kwanar farko kan makarar ya shige cikin bango, gindinta ya shige ɗaya bangon. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Babu.

Usaid ya matso yana kaɗa makullin mota. Ya ce abin sha'awa ne ƙanwarmu ta iya wasa da kwamfuta, Allah ya ƙara basira, amma gini ba katun ɗin talabijin ba ne. Ya ce shi ya gina gidaje sama da arba'in da wannan zanen, ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi.

"Wanda abin ya shafa ai ba ya dawowa," in ji Ya Kellumi.

Ɗaya daga cikin abokan Alhaji ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji kuwa ko kallon gilashin bai yi ba. Ya ce shi bai san zanen yara ba, takarda ta ce ƙafa huɗu, ƙafa huɗu ne. Ya juya ga birkila ya ce ko ba haka ba, Malam Bobboyi?

Bobboyi ya sosa ƙeya. Ya dubi Usaid, ya dubi tsohuwar, ya dubi igiyoyinsa. Ya ce shi dai aikinsa bin umarni. In lamba ta fi ƙasa yawa, ba ya iya ƙara ƙasa, sai ya ci daga inda mai gida ba zai lura ba. Falo ba a taɓa shi, don nan baƙi ke zama. Korido da banɗaki ake ci. Haka suke yi kullum, Injiniya ma ya sani.

"Yarinya ya faɗi gaskiya, Alhaji," in ji shi. "Amma bari ido ya gani." Ya juya ga tsohuwar. "To, Dada, ki ba ni wuri."

Ya karɓi tef daga hannun Rumasa'u, ya auna wani faffaɗan katakon rufi, ya sa zarto ya yanke shi daidai tsawon da ta faɗa. Ya kama gaba, leburansa ya kama baya, suka ɗaga shi a kafaɗa. Suka fito daga murabba'in zaren da zai zama ɗakin Ya Kellumi, suka shiga tsakanin igiyoyi biyu suna tafiya a hankali, irin tafiyar da kowane namiji a wurin ya sani a ƙafafunsa. A kwanar farko Bobboyi ya karya, katakon ya haye igiyar dama. Ya ja baya, ya haye ta hagu. Leburan ya ɗaga nasa gefen sama, sama, har katakon ya kusa miƙewa tsaye, ya ce in aka tanƙwara kaɗan wataƙila.

"Ajiye," in ji Alhaji.

Bai faɗa da ƙarfi ba. Fuskarsa ta yi toka-toka, idonsa na kan katakon amma ba shi yake gani ba. Rumasa'u ta san katangar da yake kallo. A wannan lokacin duk haushin da ta tara masa ya narke, ta so ta ruga ta riƙe hannunsa, amma ba a haka aka rene su ba. Ta tsaya inda take, ta rufe laftof.

Malamin da aka kawo don addu'a ya ce to, ko a ɗaga zuwa wani makon. Usaid ya ce ƙaramin gyara ne, zai duba a ofis, ya tuna yana da mitin a Karewa. Turarensa ya daɗe a wurin bayan motarsa ta tafi.

Alhaji bai ba da haƙuri ba, kada wani ya yi tsammani. A hanyar komawa gida, yana gaban keke su suna baya, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba. Ya tambaya ko wannan abin nata yana iya zana zaure. Ta ce yana iyawa. Ya ce irin na Bama, mai faɗi, wanda daga shi sai tsakar gida, ba kwana-kwana. Ta ce to, amma ɗaki shida ba za su shiga ba, sai huɗu, kuma ba ginshiƙai. Suka wuce shataletale. Sannan ya ce Litinin ɗan ƙaninsa zai riƙe makullin shago kafin a gani.

Har yau ana gani. Zanen ya ɗauke ta mako uku, Madam Keturah ta duba ta sa hatiminta, ta kuma ba ta tebur a ofis. A kasuwa Alhaji ya gaya wa mutane cewa Injiniya ne ya ba yarinyar ɗan gyara ta ƙarasa, kuma hoton farin gidan nan mai dabino da kare yana nan manne a bangon shagonsa, sama da kwalaben turare. 'Yan unguwa suka laƙaba mata Injiniyar Makara. Samari na faɗa in ta wuce, suna dariya ƙasa-ƙasa.

Sai dai sunan ya yi tafiyar da katin zinare bai yi ba. Bobboyi ya kai labarin duk inda ya je aiki. Dattawan Barno da suka sayi ƙananan fulotai a bayan gari, waɗanda kowannensu ya taɓa miƙa wani nasa ta kan wata katanga a shekarun nan, suka fara hawa benen Madam Keturah suna haki. Ba sa faɗin abin da ya kawo su kai tsaye. Sai su zauna, su yi gaisuwa mai tsawo, su tambayi lafiyar Alhaji, sannan su ce an ce akwai yarinyar da ke duba hanya. Ita kuma ta buɗe kwamfuta, ta jawo dogon akwatin nan da ta adana, ta bi da shi lungu-lungu a gabansu. An ce Usaid ma yanzu yana tambayar masu gida ko suna son a sa musu faɗin makara, sabon tsari ne da ya shigo da shi daga waje.

Gidan bakin hanyar Numan ba shi da kyau a hoto. Ranar da suka tare, Ya Kellumi ta ƙi shiga ɗakinta sai da ta riƙe sandarta a gicciye da hannu biyu, ta taka daga ƙofar ɗakin ta ratsa tsakar gida ta bi zaure har titi, sandar ba ta taɓa komai ba. Ta dawo ta zauna a kan tabarma, ta ce a dafa mata shayi mai yawan sukari. Rumasa'u ta tsuguna ta tambaye ta ko hanyar ta yi.

"Ta yi," in ji tsohuwar. "Tun da tana nan, ba na sauri kuma."